Tambaya da Amsa: Ina Cin Albashi, Ina Kuma Son Buɗe Situdiyon Waƙa a Jos

A wannan fitowar mun ɗauki wasiƙu biyu da suka zo mana daga Jos da kewaye, dukansu a kan fara ƙaramar sana'ar kiɗa da waƙa alhali mutum yana kan aikin albashi. Da gangan muka haɗa su wuri guda, domin ko da yake tambayoyin sun yi kama da juna, amsoshin sun sha bamban, kuma abin da ya raba su shi ne irin wurin da kowannensu yake aiki.

Wasiƙa ta farko

Assalamu alaikum. Malam, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina neman shawararka a kan wani al'amari da ya daɗe yana cin raina. Shekarata 32, ina da mata da 'ya'ya biyu, kuma shekara shida ke nan ina aikin riƙe littafin kuɗi a wani kamfani mai zaman kansa da ke sayar da kayan gini. Ina shiga aiki ƙarfe takwas na safe in tashi biyar na yamma, Litinin zuwa Juma'a, ranar Asabar kuma rabin yini. Tun ina sakandare nake buga fiyano, yanzu kuma na iya haɗa kiɗa a kwamfuta, har wasu matasan mawaƙa na unguwarmu suna zuwa in yi musu kyauta. Watan gobe zan kwashi adashe na naira 900,000, kuma ina so in buɗe ƙaramin situdiyo na waƙoƙin biki da tallace-tallacen rediyo. Wani abokina ya ce zai zuba nasa kuɗin mu haɗa gwiwa, amma yana matsa mini in ajiye aiki, wai taura biyu ba ta taunuwa. Shin in ajiye? In ban ajiye ba, in sanar da maigidana ko in yi shiru? Sai na yi rajista kafin in fara? Kuma da gaske ne ana samun abin kirki daga YouTube?

Daga wani mai karatu a Unguwar Rogo, Jos

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, zan fara da tambayar da ta fi nauyi, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba: kada ka ajiye aikinka yanzu. Abokinka bai faɗi ƙarya ba, amma idan wata ya ƙare situdiyo bai kawo komai ba, ba shi ne zai auno masara ko ya biya kuɗin makarantar 'ya'yanka ba. Naira 900,000 kuɗi ne masu albarka, sai dai babban jarinka a wannan tafiya shi ne albashin da ke shigowa duk ƙarshen wata, domin shi ne zai ba ka ƙarfin zuciyar ƙin karɓar aikin wulaƙanci, da haƙurin jiran masu biya da kyau, da iya ɗaukar asarar watannin farko ba tare da tukunyar gidanka ta sauka daga murhu ba. Wanda ya saki aiki ya buɗe situdiyo da kuɗin adashe kaɗai, kafin a je ko'ina za ka tarar yana karya farashi saboda matsi, kuma farashin da aka karya a unguwa da wuya ya sake miƙewa. Ka kuma tuna cewa in ba kai ne mai ɗaukar ƙarshe ba, akwai sauran zubi a wuyanka, kuma daga albashin nan zai fito.

Akwai wani dalilin da ya shafi yanayin sana'ar ita kanta. Waƙar biki tana da daminarta da raninta. Aure yana yawaita a makonnin da ke gab da azumi, da bayan salla ƙarama da babba, da kuma watan Disamba, amma da watan Ramadan ya kama sai kasuwar ta kwanta. Jos tana da wata falala a nan, domin kalandar gari ba ɗaya ba ce: akwai masu begen Manzon Allah lokacin Maulidi, akwai makarantun Islamiyya masu shirya saukar Alƙur'ani, akwai kuma ƙungiyoyin zumuntar mata da mawaƙan coci da ke rera waƙoƙinsu da Hausa, waɗanda aikinsu ke yawaita gab da Kirsimeti da Ista. Mai situdiyon da ya riƙe mutuncin kowa zai samu aiki daga ɓangarori da dama. Amma ba za ka san yadda waɗannan lokuta ke hawa da sauka a aljihunka ba sai ka zagaya shekara guda cur kana rubutawa, kuma wanda ya yanke hukunci da cinikin Disamba kaɗai ya yaudari kansa.

Batun maigidanka shi ne inda na fi so ka tsaya ka yi tunani. Babu wata doka ta ƙasa da ta hana ma'aikacin kamfani mai zaman kansa yin sana'arsa bayan ya tashi daga aiki. Abin da ke ɗaure ka shi ne takardar ɗaukar aikin da ka sa wa hannu da kuma ƙa'idojin kamfanin. Ka ɗauko ta ka karanta a natse, ka duba ko an hana yin wani aiki na daban, ko an ce sai da izini, ko kuwa abin da aka hana shi ne sana'ar da za ta yi gogayya da ta kamfanin. Kayan gini da kiɗa ba su haɗa hanya ba, don haka ban ga gogayya a nan ba. Amma ko da takardar ba ta ce komai ba, shawarata ita ce ka faɗa masa da bakinka, kuma ka faɗa kafin ka sayi ko da waya ɗaya ta makirfo. Dalilina shi ne kujerar da kake zaune a kai. Kai ne mai riƙe littafin kuɗi. Ranar da labari ya shiga kamfani cewa akawu ya buɗe situdiyo, akwai wanda zai tambayi inda kuɗin suka fito tun kafin ya yi maka barka, kuma zargi irin wannan in ya shiga zuciyar mai dukiya ba ya fita da sauƙi, ko da daga baya an bincika an tarar da littafi daidai. Ka same shi a lokacin da hankalinsa yake kwance, ka ce: ranka ya daɗe, zan kwashi adashe watan gobe, ina so in fara ƙaramar sana'a da dare da ƙarshen mako, kuma ba za ta taɓa lokacin aikinka ba. Ka ajiye shaidar zubin adashen da rasit na duk abin da ka saya. In kamfanin mai tsari ne, ka nemi a ba ka amincewar a rubuce.

Bayan ka yi wannan alkawari, cika shi ne aikin. Kada ka haɗa kiɗa a kwamfutar ofis, kada ka ajiye aikin mutane a cikinta, domin ranar da aka karɓe ta aikin ya tafi tare da ita. Ka sayi layin waya na daban don situdiyo, ka kashe shi daga takwas zuwa biyar, ka kuma sanar da mawaƙa tun farko cewa ba a biyo ka wurin aiki. Wanda ya ga ana girmama lokacinsa da kayansa ba ya cika damuwa da abin da ma'aikacinsa ke yi bayan magariba.

Yanzu mu ƙirga lokacin da kake da shi a zahiri. In ka tashi biyar, ka isa gida, ka yi salla, ka ci abinci, ka ga iyali, ba za ka zauna gaban kwamfuta da natsuwa ba sai bayan isha'i, kuma wanda zai riƙe lissafin kuɗin mutane da ƙarfe takwas na safe bai kamata ya wuce sha ɗaya na dare yana aiki ba. In ka ɗauki dare huɗu a mako, ka ƙara yammacin Asabar da yinin Lahadi, abin da za ka samu bai fi awa ashirin da ɗoriya ba. Waƙar biki guda kuwa tana cin lokaci fiye da yadda ake zato: karɓar sunayen ango da amarya da iyaye da ƙawaye, buga kiɗa, ɗora muryar mawaƙi, ɗora ta 'yan amshi, tace sauti, sannan gyaran da ba ya ƙarewa, domin sai an gama ne gwaggon amarya za ta tuna ba a ambaci sunanta ba. Ka gwada waƙa biyar na farko da agogo, ka san awa nawa kowace ta ci, sannan ka san iyakar aikin da za ka iya ɗauka a wata.

Ina nanata wannan ne saboda abin ya taɓa faruwa a gidana. Lokacin bikin wata 'yar ƙanwata mun ba wani matashi mai ƙaramin situdiyo kuɗin kafin alƙalami don ya yi waƙar kamu, kuma yaron gwani ne, ba mayaudari ba. Sai dai shi ma ma'aikaci ne, kuma ana saura kwana huɗu aka tura shi aiki wata jiha. Ranar kamu mata suka cika tsakar gida, an kafa lasifika, uwar amarya tana ta leƙen ƙofa da waya a hannu, waƙa ba ta zo ba. Ta iso bayan kwana biyu da kai amarya, tana da daɗi ƙwarai, amma babu wanda ya iya sauraron ta har ƙarshe. Ya mayar da kuɗin, ya ba da haƙuri, duk da haka daga danginmu babu wanda ya sake kai masa aiki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ranar biki ba ta jiran kowa. Don haka ka kafa wa kanka doka: ba ka karɓar waƙar bikin da bai kai saura mako uku ba, kana miƙa ta ana saura mako guda, kuma kana da wani mai kiɗa amintacce da zai ƙarasa maka aiki in wurin aikinka ya riƙe ka.

Game da kayan aiki, kada ka kashe kuɗin nan gaba ɗaya. Kwamfuta mai ƙarfi, makirfo ɗaya mai kyau, ƙaramin akwatin sautin da ke haɗa makirfo da kwamfuta, lasifikar tace sauti guda biyu, da abin saƙalawa a kunne, sun isa a fara, tunda fiyano kana da shi. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya duniya ta san shi. Abin da ya fi tsadar makirfo muhimmanci shi ne ɗakin da za a ɗora murya. Na taɓa shiga wani situdiyo a bayan titin Bauchi inda aka lulluɓe bango da kiret ɗin ƙwai tun daga ƙasa har sama, amma da aka kunna abin da aka ɗauka sai ga hon ɗin keke da ƙugin janareton maƙwabci a ƙarƙashin muryar mawaƙin. Soso da labule mai kauri da kafet suna rage amsa-kuwwar da ke cikin ɗaki ne kawai. Hana ƙarar waje shigowa aikin bango mai kauri ne da ƙofar da ke rufuwa ruf, da nisa daga bakin titi. Ka kuma ɗaga kai ka dubi rufi. Wanda ya san ruwan Yuli da Agusta a garin nan, balle ranar da aka yi ƙanƙara, ya san cewa ɗaki mai rufin kwano ba silin ba a ɗaukar murya a cikinsa da damina. Sanyin Jos kuma yana taimakonka, domin za ka iya rufe ɗaki ka yi aiki ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba, abin da mai situdiyo a ƙasa mai zafi ba zai iya ba.

Wutar lantarki ita ce za ta fi cin ribarka in ba ka shirya mata ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareto na awa uku kowane dare ya zama kashe kuɗi na gaske, ga ƙararsa da ke shiga makirfo. Kayan ƙaramin situdiyo ba sa jan wuta da yawa, saboda haka inbata da batir mai kyau, daga baya a ƙara farantin sola, sun fi maka alheri. Ni a ganina gara ka rage tsadar makirfo ka sayi batir. Manhajar haɗa kiɗa kuwa ka sayi ta halal in hali ya yi; FL Studio, alal misali, sau ɗaya ake biya kuma sabuntawarta kyauta ce har abada, ita kuwa wadda aka fasa takan zo da cutar kwamfuta da za ta iya cinye aikin mutane a dare ɗaya. Abin da ya rage daga kuɗin, aƙalla kashi ɗaya cikin uku, ka bar shi a ajiye don haya da gyara. In akwai ɗaki a gida da ya dace, kuma maiɗakinka ta yarda da shige da ficen baƙi, fara a nan ya fi kama shago. In ba ta yarda ba, ka saurare ta, domin gidan nata ne kamar yadda yake naka, kuma daren da za ka ba situdiyo daga rabonta da na yara za ka ɗebe shi.

Rajista ba ta da wahala. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce wanda ke kasuwanci da wani suna da ba sunansa na yanka ba ya yi rajistar sunan a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, cikin kwana 28 da farawa, kuma ana yi ta intanet. Rajistar sunan kasuwanci ta ishe ka a yanzu, ba sai ka kafa kamfani ba, sai dai ka riƙa tuna cewa akwai bayanin shekara-shekara da ake miƙa wa hukumar. Amfaninta na kusa shi ne za ka buɗe asusun banki da sunan situdiyo, kuma makarantu da shaguna masu son tallan rediyo sun fi sakin jiki su biya cikin irin wannan asusu. Kai da kake akawu ba sai na koya maka ba: kuɗin situdiyo kada su kwana aljihu ɗaya da kuɗin cefane. Harajin da ake cirewa daga albashinka na albashin ne kaɗai, ribar sana'a kuwa kai ne za ka bayyana ta ga hukumar tara haraji ta Jihar Filato, kuma tunda sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 sun fara aiki daga Janairun 2026, ka je ofishinsu ka ji abin da ya hau kanka tun kafin ya taru.

Shi kuma abokin naka, in za ku haɗa, ku rubuta. Nawa kowa ya zuba, kayan na wane ne, shin kuɗinsa rance ne ko hannun jari, yaya za a raba riba, nawa ne ladan wanda ke zaman aikin da hannunsa, kuma in ɗaya ya so fita yaya za a yi. Ku sa hannu a gaban shaidu biyu. In ya ce ai tsakaninku babu haka, ka gaya masa cewa saboda tsakanin naku ne za a rubuta. Kuma ka lura da wani abu: shi kuɗi zai sa, wanda in sun salwanta zai nemi wasu, kai kuwa yana so ka sa aikin shekara shida da abincin mutum huɗu. Wannan ba zubi ɗaya ba ne.

Akwai batun da ba ka tambaya ba, amma shi ne yake raba mawaƙa da masu kiɗa kullum, wato haƙƙin mallaka. Dokar da ke aiki yanzu ita ce ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023. A ƙarƙashinta waƙa ɗaya tana ɗauke da haƙƙi fiye da ɗaya: akwai na baiti da karin waƙa da kiɗa, wanda ke wanzuwa har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, akwai kuma na sautin da aka ɗauka, mai shekara 50. Haƙƙin yana tabbata da zarar an ɗauki aikin, ba sai an yi rajista ba, ko da yake Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana karɓar rajista don ta zama shaida. Abin da ya fi shafar ka shi ne cewa sayar da haƙƙi, ko ba wa mutum ɗaya izinin amfani shi kaɗai, ba ya inganta sai a rubuce. Saboda haka ka tanadi takarda mai shafi ɗaya da kowane mawaƙi zai sa wa hannu, wadda za ta fayyace ko ka sayar masa da kiɗan baki ɗaya ne, ko ka ba shi aro kana iya ba wani, da kuma kason kowa in waƙar ta kawo kuɗi. Wannan ya fi muhimmanci yanzu, domin YouTube yana da na'urar gane sauti. In ka ba mutum biyu kiɗa ɗaya, na farko ya yi masa rajista ta hannun kamfanin rarraba waƙa, to bidiyon na biyu zai iya fuskantar da'awa, kuɗin tallansa su koma wa na farko, kuma dukansu ƙofarka za su zo. Kiɗan da ka yi wa yaran unguwa kyauta ma ka zauna da su ku daidaita tun ana dariya.

Kuɗin YouTube gaskiya ne, amma ba su ne za su biya hayar shekarar farko ba. Kafin tasha ta fara cin kuɗin talla a dogayen bidiyo sai ta tara mabiya 1,000, tare da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90, sannan mai tasha yana samun kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan, kuma ba a turo masa sai sun kai dala 100. Tallan da ake nuna wa masu kallo a Najeriya kuma bai kai na Amurka ko Ingila tsada ba. Spotify, dandalin sauraron waƙa da ya shigo Najeriya a 2021, tun 2024 ba ya biyan komai a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin shekara ba, kuma shiga irin waɗannan dandamali, har da Apple Music da Boomplay, yawanci ta hannun kamfanonin rarrabawa ne irin su DistroKid ko TuneCore, waɗanda su ma ana biyan su. Ka buɗe tashar, ka riƙa ɗora aikinka da izinin masu shi, ka ɗauke ta a matsayin allon talla. Kuɗin da za ka taɓa da hannunka a farko suna wurin amare da masu makarantu da masu shaguna.

Ranar ajiye aiki kuwa littafinka ne zai faɗa maka ita. In ribar situdiyo, bayan an cire haya da wuta da gyara da ladan 'yan amshi, ta kai albashinka wata goma sha biyu a jere, har da watan azumi da tsakiyar damina, kuma kana da ajiyar da za ta riƙe gida wata shida, kana kuma mayar da aiki saboda rashin lokaci, to a sannan ka ba da sanarwar da takardar aikinka ta tanada, ka miƙa littafi a tsabtace, ku rabu da maigidanka da mutunci. Allah Ya sa albarka.

Wasiƙa ta biyu

Malam, barka da aiki. Ni ma'aikaciya ce ta dindindin a wata ma'aikatar gwamnatin jiha. Ina so in sayi lasifikoki da makirfo in riƙa ba da haya a bukukuwan mata, kamar kamu da walima, tare da yarinyar da za ta riƙa saka waƙoƙi, domin mata da yawa ba sa son namiji ya shiga tsakiyarsu. An ce mini in yi rajista da sunan ƙanena, ni kuma in riƙa gudanarwa ta bayan fage. Ko hakan ya yi?

Daga wata mai karatu a Bukuru

Amsa

'Yar'uwa, tunaninki na sana'a yana da kyau ƙwarai, kuma buƙatar da kika hango gaskiya ce. Duk wanda ya taɓa shirya bikin mata ya san takurar da ake shiga idan mai saka kiɗa namiji ne. Amma amsarki ba irin ta ɗan'uwanmu na sama ba ce, kuma ba zan ɓoye miki ba. Shi takardar kamfani ce ke ɗaure shi, ke kuwa Kundin Tsarin Mulki na 1999 ne. Jadawali na Biyar, a ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, sakin layi na 2, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci shiga cikin gudanar da kowane kasuwanci ko sana'a mai zaman kanta, in ban da noma. Wannan bai tsaya kan ma'aikatan tarayya ba. Ya haɗa da na jihohi da ƙananan hukumomi, da ma'aikatan jami'o'i da kwalejojin gwamnati.

Shawarar da aka ba ki ta fakewa da sunan ƙanenki ita ce na fi jiye miki tsoro, domin masu rubuta dokar sun riga sun hango ta. Sakin layi na 13 ya ce ma'aikacin da ya aikata abin da aka hana ta hannun wakili ko wani da ya saka a madadinsa, ana ɗaukar sa kamar shi ya aikata da kansa. Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ce ke karɓar ƙorafi, Kotun Ɗa'ar Ma'aikata kuma tana da ikon raba mutum da kujerarsa, ta kuma hana shi riƙe muƙamin gwamnati har tsawon shekara goma. Na san za ki ce ofisoshi cike suke da masu sayar da atamfa da turare ba wanda ya ce musu uffan, kuma na san albashi ba ya kai wata, wannan kuwa abu ne da ke damun duk mai tausayi. Sai dai irin wannan doka takan yi barci ne har ranar da wani ya so ganin bayanki, ranar ƙarin girma ko ranar saɓani da wani babba, kuma sana'ar biki ba ta ɓoyuwa, tunda a gaban ɗaruruwan mata ake yin ta ana ɗauka a waya. Akwai kuma haɗari na biyu da ba na doka ba: abin da aka yi wa rajista da sunan ƙanenki nasa ne a idon hukuma da banki, kuma in zumunci ya yi tsami, ko ya rasu magada suka taso, ba ki da takardar da za ki nuna.

Hanyar da ta rage miki ita ce ki zama mai zuba jari na gaskiya, ba mai gudanarwa ba. Abin da tsarin mulki ya ambata shi ne gudanarwa, kuma ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya sun yarda ma'aikaci ya mallaki hannun jari a kamfani muddin bai zama darakta a kamfani mai zaman kansa ba. Ki nemi kundin ƙa'idojin aikin jiha a sashen mulki na ma'aikatarku ki karanta abin da ya ce a kan wannan. In ya ba da dama, a kafa ƙaramin kamfani inda sunanki zai fito a fili a matsayin mai hannun jari, ita kuma matar da za ta riƙe sana'ar ta zama ita ce darakta da gaske: ita ke karɓar kira, ita ke yanka farashi, ita ke sa hannu a banki, ke kuwa rabonki na riba kawai kike karɓa, kuma ki saka hannun jarin a takardar bayyana kadarorinki. Wannan yana buƙatar mace mai amana da kan sana'a, don haka kada ki sayi lasifika ko ɗaya sai kin same ta. Kafin a je CAC kuma, ki ware kuɗin ganin lauya na zama ɗaya, ki tafi masa da takardar ɗaukarki aiki da kundin ƙa'idojin, ya duba tsarin ya rubuta muku yarjejeniyar.